Shin Ko Kun San? Katin Girafik da Cijewar Gem

Shin ko kun san cewa motsin da kuke gani a fuskar kwamfuta hotuna ne tsayayyu da ake jerowa ɗaya bayan ɗaya cikin tsananin sauri? Fim ɗin sinima hoto 24 yake nunawa a kowane sakan. Talabijin irin tamu ta Najeriya da Nijar a kan 25 aka gina ta. Masu buga gem kuwa 60 suke nema, 'yan gasa ma har 144 ko 240. Wannan adadin shi ne FPS ɗin da kuke ji a bakin matasa, kuma idan ya faɗi ne ake cewa gem yana cijewa.

Shin ko kun san cewa idan ana son hoto 60 a sakan, lokacin da kwamfuta take da shi na zana kowane hoto milisakan 16.7 ne kacal? A 30, tana da 33.3. A 144, ko 7 bai cika ba. Cikin wannan ɗan taƙin za ta lissafa inda kowane ɗan wasa yake, inda ƙwallo ta nufa, inda haske ya faɗi, inda inuwa ta kwanta, sannan ta fente fuskar gaba ɗaya. Fim an riga an ɗauke shi, nunawa kawai ake yi. Gem kuwa a gaban idonka ake zana shi, gwargwadon abin da yatsanka ya danna yanzun nan. Shi ya sa hoto 24 ya wadatar a sinima, amma a gem sai ka ji hannunka ya yi nauyi. Zancen da ake yawo da shi cewa idon ɗan Adam ba ya ganin abin da ya haura hoto 30 ba gaskiya ba ne. A ajiye wa mutum monita mai 60 kusa da mai 144, ya motsa linzami kawai, zai faɗi bambancin da kansa.

Shin ko kun san cewa Doom na 1993, wanda ya girgiza duniyar wasan kwamfuta, hoto 35 ne iyakarsa a sakan?

Shin ko kun san ɗigo nawa ne a fuskar da ake kira 1080p? Miliyan biyu da dubu saba'in da uku da ɗari shida, wato 2,073,600. Ta 720p tana da 921,600. Ta 1440p tana da 3,686,400. Ta 4K kuwa 8,294,400, ninki huɗu cif na 1080p. Katin da zai ba ka hoto 60 a 4K sai ya fente ɗigo kusan miliyan 500 a kowane sakan. Saboda haka tambayar farko ga mai son sayen kati ita ce: wace irin monita ce a gabanka? Wanda monitarsa 1080p ce mai juyi 60, ya je ya sayi katin 4K, ya biya kuɗin ƙarfin da ba zai taɓa gani da idonsa ba. Kuma ƙididdigar da dandalin Steam yake fitarwa duk wata ta daɗe tana nuna cewa 1080p ce fuskar da masu buga gem suka fi amfani da ita a duniya. Babu abin kunya a cikinta.

Shin ko kun san cewa a wani gidan cin abinci na Denny's da ke San Jose, a jihar Kalifoniya ta Amurka, aka ƙulla shawarar kafa kamfanin Nvidia? Mutum uku ne suka kafa shi a 1993: Jensen Huang da Chris Malachowsky da Curtis Priem. A lokacin ba su ne a gaba ba. Kamfanin 3dfx ne ya riƙe kasuwa da katinsa Voodoo na 1996, katin da ba ya iya nuna ko rubutun Windows, sai an haɗa shi da wani katin daban ta wata gajeriyar waya a bayan kwamfuta. A 1999 Nvidia ta fitar da GeForce 256, ta tallata shi a matsayin GPU na farko a duniya. Kafin 2000 ta ƙare, ta saye kadarorin 3dfx.

Shin ko kun san cewa katin Radeon asalinsa ba na kamfanin AMD ba ne? Na kamfanin ATI ne na ƙasar Kanada, wanda AMD ta saya a 2006 a kan kusan dala biliyan 5.4. Yau guntun AMD ne a cikin PlayStation 4 da PlayStation 5 da Xbox, wato duk yaron da ya biya kuɗin wasa a kan ɗayansu a gidan gem na unguwa, fasahar Radeon ce take zana masa fili da 'yan ƙwallo. Nintendo Switch kuma na Nvidia ne a cikinta. Intel ta shigo sahu da katunan Arc a 2022.

Shin ko kun san cewa a kan katin gem guda biyu, GTX 580, aka horar da AlexNet a Jami'ar Toronto a 2012, aikin da ya buɗe ƙofar ƙirƙirarriyar basira ta wannan zamani? Tun daga nan masu gem suka samu abokan takara wajen sayen guntu, masu aljihun da ya fi nasu zurfi nesa ba kusa ba.

Yanzu ga inda aka fi cutar mutane. Shin ko kun san cewa yawan giga ba shi ne ƙarfin kati ba? Shiga kasuwar kwamfuta ka saurara, tambaya ɗaya ce take yawo tsakanin mai saye da mai sayarwa: girafik ɗin giga nawa ne? Gigan nan wurin ajiya ne kawai, tamkar rumbu. Girman rumbu ba ya ƙara wa manomi saurin noma. Akwai GT 730 mai giga 4 da ba ya ko kusa da GTX 1050 mai giga 2. RTX 3060 giga 12 gare shi, RTX 3070 giga 8, amma 3070 ya fi shi gudu sosai. Abin da yake zana hoto shi ne guntun da ke tsakiyar katin, da kuma saurin hanyar da ke tsakaninsa da ma'ajiyar. Giga tana da ranarta: idan gem ya nemi fiye da abin da katin yake da shi, sai a fara tsattsayawa, bango da ciyawa su riƙa fitowa dishi-dishi. Sababbin manyan wasanni sun fara matse masu giga 8, masu 4 kuwa sun daɗe a matse. Amma a fara tambayar sunan guntun tukuna, giga ta biyo baya.

Shin ko kun san cewa suna ɗaya yana iya ɓoye kati biyu? GT 1030 ya fito a 2017 da ma'ajiya irin GDDR5. A 2018 aka fitar da wani mai DDR4, suna bai canja ba, kwali kusan iri ɗaya, amma saurin ma'ajiyarsa ya faɗo daga giga 48 a sakan zuwa ƙasa da 17, a wasanni da dama kuma gudunsa kusan rabin na farkon ne. GTX 970 na 2014 an sayar da shi a matsayin mai giga 4, daga baya aka gano 3.5 ne masu sauri, sauran rabin gigan a hankali yake tafiya. Magana ta kai kotu a Amurka, a 2016 aka sasanta a kan biyan dala 30 ga kowane mai saye. A 2022 ma Nvidia ta sanar da wani RTX 4080 mai giga 12, jama'a suka yi ca, ta janye shi, ya dawo a Janairun 2023 da sunan RTX 4070 Ti. Idan manyan kamfanoni suna irin wannan, mai saye ba shi da mai tsaronsa sai karatun kansa.

Shin ko kun san yadda ake karanta lambar? Lambobin farko zamani ne, biyun ƙarshe daraja. A 3060, zamani na 30, daraja ta 60. Shi ya sa GTX 1080 na 2016 ya fi GTX 1650 na 2019 ƙarfi, ko da yake lambar na biyun ta fi girma: ɗaya babba ne a zamaninsa, ɗaya ƙarami a nasa.

Shin ko kun san cewa katin laftof da na kwamfutar tebur sukan yi tarayya a suna kawai? RTX 4090 na laftof guntun da ke cikin 4080 na tebur aka sa masa, da giga 16 maimakon 24. RTX 3060 na laftof giga 6 ne, rabin na tebur. RTX 4060 na laftof kuwa, kamfanin da ya ƙera laftof ɗin yana iya ba shi wuta daga wat 35 har zuwa 115. Laftof biyu, sitika iri ɗaya a jikinsu, gudu daban. Ku nemi adadin wat kafin ku biya.

To, an riga an sayi kati, gem kuma yana cijewa. Shin ko kun san cewa sau da yawa katin ba shi da laifi ko kaɗan? Ku zagaya bayan kwamfutar ku duba. Akwai ramukan HDMI a wuri biyu: na sama, a tsaye, kusa da ramukan USB, na madabod ne, na ƙasa, a kwance, a jikin ƙarfen katin, su ne na girafik. Duk wanda ya soka wayar monita a na sama, ƙaramin girafik ɗin da ke cikin farosesa ne yake ɗaukar nauyin, katin da aka kashe wa dubban ɗaruruwa yana zaune fankarsa ko juyawa ba ta yi. Wannan kuskure ya yi yawa ƙwarai, gyaransa kuma zare waya ne a mayar ƙasa.

Shin ko kun san cewa laftof ɗin gem tana rage ƙarfinta da kanta da zarar an zare caja? Batiri ba ya iya ba da wutar da katin yake buƙata. Da an ɗauke wuta sai FPS ya faɗi, mai ita ya ɗauka lalacewa ta yi. Haka ma idan an sa mata cajar da ba tata ba, mai ƙaramin wat. Kuma laftof tana da girafik biyu, ƙarami da babba. Wani lokaci Windows sai ya tura gem ga ƙaramin. A sashen Graphics na saitin Display ake zaɓa wa kowane gem babban.

Shin ko kun san cewa monita mai juyi 144 takan zauna a 60 shekara da shekaru saboda ba a shiga saiti an ɗaga ta ba? Kuma tsohon ramin HDMI 1.4 hoto 30 kawai yake iya turawa a 4K. Masu haɗa kwamfuta da talabijin su nemo Game Mode a saitin talabijin ɗin, domin kwalliyar da take yi wa hoto tana jinkirta shi kafin ya bayyana.

Shin ko kun san cewa akwai gwajin minti biyu da zai nuna muku wanda yake jan ƙafa, kati ne ko farosesa? Ku kunna ma'aunin FPS. Steam yana da nasa, MSI Afterburner kuma kyauta ne, yana nuna zafi da nauyin aiki a kusurwar fuska. Ku tsaya wuri guda a cikin gem ku riƙe adadin. Sannan ku sauke fuskar daga 1080p zuwa 720p. Idan adadin ya yi tsalle, katin ne ya gaji, rage saiti ko canjin kati zai yi amfani. Idan bai motsa ba, farosesa ce ko RAM, kuma ko katin miliyan uku aka saka, nan zai tsaya. Katin da yake aiki kashi 97 zuwa 100 cikin ɗari lafiyarsa ƙalau, haka ake so. Wanda yake yawo a kashi 50 alhali gem yana maƙalewa, jiran wani yake yi. Da za a riƙa yin wannan gwaji kafin a tafi kasuwa, da kuɗi masu yawa sun tsira.

Shin ko kun san cewa RAM guda biyu masu giga 8 sun fi guda ɗaya mai giga 16 sauri? Hanya biyu suke buɗewa maimakon ɗaya. Ga mai amfani da girafik ɗin cikin farosesa, wanda da RAM ɗin yake ajiyar hotunansa, wannan shi ne gyara mafi araha da zai ji a jikinsa. SSD kuma lodi yake gaggautawa, yana rage tsayawar da ake yi idan an shiga sabon wuri, amma ba ya ƙara FPS.

Shin ko kun san cewa gem mai matsakaicin hoto 90 yana iya fin mai 60 ban haushi? Idan mafi yawan hotuna suna zuwa a kan kari, sai guda ɗaya ya makara da milisakan 100, ido zai kama shi nan take. Shi ya sa masu gwajin kati suke duba kashi ɗaya cikin ɗari mafi muni na hotunan. Kulle gem a 60 daram ya fi barinsa yana hawa 100 yana faɗowa 40.

Shin ko kun san cewa cijewar gem ɗin intanet daban take da faɗuwar FPS? Idan hoto yana tafiya sumul amma abokin karawa yana ɓacewa yana ɓullowa a wani wuri, ko ka harba harsashi bai shiga ba, netwok ne. Haske a cikin wayar gilashi kimanin kilomita 200,000 yake yi a sakan. Wayar MainOne da ta taso daga Fotugal zuwa Legas ta ƙarƙashin teku, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta kilomita 7,000 ne. Zuwa da dawowa a kanta kaɗai ya ci kusan milisakan 70, kafin a lissafa tafiyar Legas zuwa Kano ko Sakkwato. Babu katin da zai rage wannan nisa. Abin da ke hannunku shi ne zaɓen sabar da ta fi kusa, da haɗa kwamfuta da waya maimakon Wi-Fi.

Sai babban abokin gabarmu a nan. Shin ko kun san cewa kati yana rage gudunsa da kansa idan ya yi zafi? Yawancin katunan GeForce idan sun kai wajen digiri 83 sai su fara ja da baya don kada su ƙone. Alamarsa a fili take: gem ya fara lafiya, bayan minti goma ko ashirin ya soma nauyi, fanka tana ihu. Masu gwajin da kuke kallo a YouTube a ɗakuna masu sanyi suke aunawa, digiri ashirin da 'yan kai. Mu kuwa a watan Afrilu, a Maiduguri ko Yamai ko Sakkwato, zafi yana haura 40, kuma da wannan iskar fanka za ta sanyaya guntu. Ga ƙurar hunturu a kai. Duk wanda ya taɓa ganin an buɗe laftof ɗin da ta yi hunturu biyu ba a share ta ba ya san abin da nake nufi: tsakanin fanka da siraran haƙoran ƙarfen da iska take bi, ƙura ta dunƙule ta zama tabarma mai kauri, ruwan toka, ana ɗaga ta da tsinke ta taso gaba ɗaya. Fanka tana juyawa, iska ba ta fita. Man da ake shafawa tsakanin guntu da ƙarfen sanyaya shi ma ya bushe ya farfashe. A share, a sa sabon mai, a daina ɗora laftof a kan katifa ko darduma, a ɗaga bayanta iska ta shiga. Idan za a hura iska, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa fiye da kima. Sau da yawa wannan aikin kaɗai yana dawo da gudun da aka ɗauka ya tafi ke nan.

Shin ko kun san wutar da manyan katunan suke sha? RTX 4090 wat 450, RTX 5090 na 2025 kuma 575, har Nvidia take ba da shawarar akwatin wuta mai wat 1,000. Awa biyu ana wasa da shi a cikakken ƙarfi, katin kaɗai ya cinye fiye da yunit guda a mita. Ƙananan janareton da ake kunnawa don fanka da talabijin galibi ba su kai wat 1,000 ba. Ga mai dogaro da sola da inbata, kati mai ƙarancin ci shi ne na hankali: RTX 4060 wat 115 ne, RX 6600 kuma 132. Ramin madabod da ake soka katin a ciki shi kansa wat 75 yake bayarwa, shi ya sa irin su GTX 1050 Ti da yawancin GTX 1650 ba sa buƙatar ƙarin waya, suna shiga tsofaffin kwamfutocin ofis idan akwatin ya ɗauke su. Idan kwamfuta tana mutuwa ɗif a tsakiyar wasa, a fara zargin akwatin wuta. Kada a yi rowa a kansa. Mara kyau idan zai mutu yakan tafi da kati.

Shin ko kun san cewa saitin Ultra ya fi cin ƙarfi fiye da yadda yake ƙara kyau? Sauko da inuwa da hazo da bin sawun haske mataki ɗaya ko biyu, da ƙyar ido zai lura, amma FPS zai ɗaga. Akwai kuma dabarar zana hoto a ƙaramar fuska a faɗaɗa shi: DLSS na Nvidia, wanda sai katin RTX, da FSR na AMD da ya fito a 2021, wanda nau'o'insa na farko suke aiki har a tsofaffin katunan GTX.

Shin ko kun san cewa danna Windows da Ctrl da Shift da B a tare yana sake tayar da direban girafik idan fuska ta sanƙare? Idan kuma an canja kati daga AMD zuwa Nvidia ko akasin haka, manhajar DDU tana goge tsohon direba tas kafin a sa sabo.

Shin ko kun san dalilin da katunan hannu suka cika kasuwa tun ƙarshen 2022? A ranar 15 ga Satumban shekarar kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da haƙa, masu haƙar kuɗin intanet suka fito da katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana. Ba duka ne marasa kyau ba, amma fanka da ma'ajiya sun sha wuya. Akwai kuma na jabu: tsohon GTS 450 na 2010 da ake sauya wa suna a cikinsa, kwamfuta ta riƙa nuna GTX 1050 Ti. Alama ɗaya da ido yake gani ita ce ramin VGA, shuɗin nan mai ƙananan huji 15, domin guntun GTX 1050 Ti da 1060 ba ya fitar da irin wannan siginar da kansa, kuma da wuya a ga ramin a jikin na gaske. Manhajar GPU-Z ma tana tona da yawa daga cikinsu.

Don haka 'yan uwa, ko a titin Beirut na Kano ne, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, kada ku karɓi kati a leda ku juya. A saka shi a kwamfuta a gabanku, a buɗe GPU-Z ku ga sunan guntu da irin ma'ajiyarsa, a kunna gem mai nauyi ya yi minti ashirin kuna kallon zafi, ku duba ko ɗigo-ɗigo masu launi ko layuka suna fitowa a fuska, ku saurari ƙarar fanka. Ku nemi a rubuta muku kwanakin garanti a rasit. Mai kaya mai kyau ba zai ƙi gwaji ba. Wanda ya ƙi, ku riƙe kuɗinku ku ƙara gaba.